Gaskiya da Ƙarya a Kan Shaye-shayen Ma'aikata da Maganinsa

Tun daga watan Mayu na 2018, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi Nijeriya, bayan da BBC ta tona yadda ake fataucinsa a ɓoye, zancen shaye-shaye ya shiga bakin kowa, har ya zama a tasha da ofis da masana'anta ana ta yaɗa maganganu, wasunsu sahihai, wasunsu gauraye, wasu kuwa ba su da asali ko kaɗan. Wajibi ne a tace su, domin da su ubangida yake yanke wa yaronsa hukunci, alhali hukuncin da aka gina bisa zato ba safai yake rabuwa da zalunci ba.

Masu cewa annobar ta yi yawa sun faɗi gaskiya, gama binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya sami mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye wanda ba giya ko taba ba a cikin shekara guda, kuma ɗaya daga kowane huɗu mace ce. Amma cewa Arewa ce kan gaba kuskure ne, domin Kudu maso Yamma ta kai kashi 22.4 cikin ɗari, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12, ko da yake wannan ba abin da za mu yi barci a kansa ba ne.

Shubuhar da ta fi kowace ɓarna ita ce wadda take cewa shaye-shaye halin zauna-gari-banza ne, tiramol kuwa ba maye ba ne, maganin gajiya ne na mai neman halali. Hakika da yawa daga masu shansa neman abinci ne ya kai su, direban da zai kwana a hanya, da ɗan dako, da lebura, da mai noman ƙodago. Har cikin ma'aikatan asibiti akan sami wanda allurar fentazosin ta kama, saboda tana kusa da hannunsa. To, amma tiramol ba ya ƙara wa jiki ƙarfi ko ƙwayar zarra. Dangin ofiyam ne, aikinsa dushe zafin ciwo, sai mutum ya ci gaba da azabtar da gaɓoɓinsa bai sani ba, kuma da yake jiki yana sabawa da shi, abin da ya ishe shi bara ba zai ishe shi bana ba. Wanda hukuma ta yarda da shi mai miligiram 50 ne ko 100, bisa rubutun likita, alhali na bayan fage yakan kai 225 ko 250, kuma yawansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da sarƙewar numfashi. Mai hankali ya auna abin da zai faru in jijjigar ta sami mutum yana riƙe da sitiyarin tirela.

Gwajin fitsari, wanda wasu ma'aikatu suka ɗauka hujja yankakkiya, yana da amfani, illa dai iyakarsa ya nuna an sha abu a kwanakin baya, ba ya tabbatar da cewa mutum a buge yake a bakin aiki, kuma maganin da likita ya rubuta ma yana iya bayyana a cikinsa. Saboda haka sai an maimaita shi da gwaji mafi inganci, an kuma saurari uzurin mai shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a ƙa'idojinta na 1996, ta nemi a ɗauki matsalar a matsayin rashin lafiya, a kiyaye sirrin ma'aikaci, a ba shi damar neman magani. A ganina wannan ya fi kusa da maslaha, domin inda kora ce kaɗai sakamako, kowa zai ɓoye cutarsa har sai ta haifar da haɗari.

Sai kuma masu cewa ɗan ƙwaya ba ya shiryuwa, ko kuwa ba abin da ke gyara shi sai mari da bulala. A Satumba ta 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu ɗaure da sarƙa, kuma babu wani dalili na ilmi da ya nuna duka yana cire jaraba. Bal ma yanke wasu abubuwa farat ɗaya, kamar giya da ƙwayoyin barci irin su diyazefam, yana iya kashe wanda ya daɗe a kansu, shi ya sa likita yake janye su da tadriji, kuma ma'abota ilmi sun san cewa haramcin giya ma daki-daki ya sauka. Gaskiya ne wasu sukan koma bayan magani. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta su kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kwatankwacin abin da ake gani ga masu hawan jini da asma, waɗanda ba wanda yake cewa a daina yi musu magani don ciwonsu ya tashi. Ya kuma tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a la'anci wani mutum da aka sha kawo shi saboda shan giya. Haramcin abin maye ba shi da jayayya, amma bai halatta yanke ƙauna daga mai shansa ba.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma zuwa can ba shaidar hauka ba ce. Ina roƙon shugabannin ma'aikatu da na ƙungiyoyin direbobi, in sun ga alama ga yaronsu, su ɗauke shi daga aikin da zai iya halaka jama'a, su kira shi a keɓe, su suturta shi, su haɗa shi da likita, su kuma bar masa gurbinsa har ya dawo.