Makon farko a tankin tarwaɗa

Duk wanda ya ga tarwaɗa a kasuwar Mubi, an tsamo ta daga ruwa tun hantsi amma har azahar tana motsi a cikin daro, zai ɗauka babu abin da ke kashe kifin nan. Wannan zaton ne ke cinye jarin sababbin masu kiwo. Babbar tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure wahala. 'Ya'yanta masu tsawon ɗan yatsa ba su kai ga wannan juriya ba.

A Bahuli, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, noma da kiwon dabbobi aka gada. Mai sha'awar kiwon kifi sai ya gina tankin siminti ko ya kafa na tamfol a bayan gida, ya dogara da rijiya ko burtsatse. Iri kuwa saye ake yi daga masu ƙyanƙyasa, wani lokaci har daga Yola, tafiyar kusan kilomita 200, a cikin jarkar da aka yanke wa baki. A wannan tafiyar ake shuka mutuwar da za a girba bayan kwana biyu ko uku.

Mai ƙyanƙyasa da ya san aikinsa yakan hana 'ya'yan kifin abinci yini guda kafin a ɗauka. Kifin da ya ƙoshi yakan yi kashi a jarka, kashin ya haifar da sinadarin amoniya, shi kuma ya ƙona masa wurin numfashi. Haka nan da asuba ake tasowa ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba. Idan an iso gida, ba a juye jarka kai tsaye. Ana ajiye ta a cikin tankin na kamar minti 20 zuwa 30, ana ɗebo ruwan tankin ana zuba mata kaɗan-kaɗan, har ɗumin ruwan biyu ya daidaita, sannan a karkata ta su fita da kansu. Ranar ba a ba su abinci. Wannan ne ya fi yi wa sabon shiga wuya, don yana ganin kamar rowa ya yi wa baƙi.

Tankin ma yana da nasa sharrin. Sabon siminti yana fitar da kaifi irin na farar ƙasa, dole a jiƙa shi mako ɗaya ko biyu ana zubar da ruwan ana wankewa. Ruwan burtsatse da aka buga yanzun nan ba shi da isasshiyar iska, gara ya kwana a tankin sama. Ga kuma hunturu: tarwaɗa ta fi son ɗumin da ya kai maki 26 zuwa 30, sanyin Disamba da Janairu kuwa yakan kashe mata cin abinci, ya buɗe wa cuta ƙofa.

Alamu ba sa ɓuya ga mai lura. Kifi ya tsaya a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, gashin baki ya yi fari, ko ciki ya kumbura. Da safe a tsinci goma, washegari hamsin. Nan take za ka ji ana cewa "marar lafiya aka sayar mini", wani ma ya ce kambun baka ne. Ban wanke masu sayarwa duka ba. Akwai mai haɗa manya da ƙanana a jarka ɗaya, alhali tarwaɗa na cin 'yar'uwarta, akwai kuma mai tura wa baƙo ragowar da suka ƙi girma.  Amma a tankunanmu, yawancin asarar makon farko daga hanya take da kuma ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar zuwa kemis. Mutum ya ga gawa uku sai ya fasa kafso ya zuba a ruwa, ba awo ba shawarar likitan dabbobi, alhali dattin ruwan na nan yana ci gaba da aikinsa. Tsofaffin hannu sukan fara da kwashe matattun, su dakatar da abinci, su rage ruwan su ƙara sabo a hankali, su sa ɗan gishiri gwargwado. Kuma ba sa zuba sabon iri a kan tsohon kifi sai ya yi mako biyu a keɓe, da rariyarsa da bokitinsa daban.