Ugo Ugochukwu da kakar tseren motoci ta 2023: Yadda ake rainon direbobin Formula 1, da inda Kaduna ta tsaya

Duk wanda ya taso a Kakuri ko Nasarawa ko Barnawa ya san mota tun kafin ya san sunayen gwamnoni. A nan Kakuri ne kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya fara harhaɗa motoci a shekarar 1975, kuma iyaye da kakanni da yawa a kudancin kogin Kaduna da albashin wannan masana'anta suka yi aure, suka gina gida.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a wannan shekara ta 1975 Fijo 504 ta lashe manyan tseren motoci uku na Afirka: Safari a Kenya, da na Maroko, da kuma Bandama a Kwaddibuwa. Wato irin motar da ake ɗaura wa taya a Kakuri ita ce sarauniyar tsere a nahiyar nan.

Shekara kusan hamsin bayan haka, sunan Najeriya ɗaya tilo da ake ji a matakan da ke kai matashi gasar Formula 1 shi ne na wani dogon yaro da aka haifa a New York, kuma da tutar Amurka yake tsere.

Wane ne shi?

An haifi Ugo Ugochukwu ranar 23 ga Afrilu, 2007. Mahaifiyarsa ita ce Oluchi Onweagba, wadda ta tashi a Legas, ta kuma yi suna a duniyar tallan kayan sawa bayan ta lashe gasar Face of Africa a 1998. Mahaifinsa, Luca Orlandi, ɗan Italiya ne mai zanen tufafi.

Kamar kusan duk direbobin da ake gani a Formula 1 a yau, da kat ya fara. Kat wata 'yar ƙaramar mota ce da ba ta wuce tsawon gado ba, ba rufi, ba ƙofa, direba na zaune kusan a ƙasa. Yara 'yan shekara shida zuwa takwas ke fara koyo da ita. A 2020 Ugo ya zama zakaran Turai na rukunin matasa a tseren kat, sai kamfanin McLaren ya ɗauke shi cikin shirinsa na rainon direbobi a 2021, yana ɗan shekara 13. A daidai wannan shekarun ne McLaren ɗin ya ɗauki Lewis Hamilton a 1998, don haka tun ranar aka fara kwatanta su, ko yaron ya so ko bai so ba.

A 2022 ya hau motar tsere ta gaske a gasar Formula 4 ta Birtaniya tare da ƙungiyar Carlin, ya gama a matsayi na uku. Daga nan ya koma Prema ta Italiya, ƙungiyar da a wannan mataki take kamar Real Madrid a ƙwallon ƙafa: idan ka shiga, to ba wanda zai karɓi uzurinka.

Motar da ba ta da kujerar fasinja

Kafin a shiga labarin kakar, yana da kyau mai karatu ya san irin motar da ake magana a kai. Kujera ɗaya gare ta, a tsakiya. Tayoyinta huɗu duk a waje suke, ba abin da ya rufe su. Tana da fikafikai gaba da baya, amma aikinsu kishiyar na jirgin sama ne, iska suke kamawa su danne motar a kan kwalta don kada ta zame a kwana. Saman kan direba akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da ake kira halo, wanda ke kare kansa idan mota ta kife ko wata ta hau ta.

A gasar Italiya kowa mota iri ɗaya yake tuƙawa: gangar jiki daga kamfanin Tatuus, inji na Abarth mai lita 1.4 da ƙarfin doki kusan 180, tayoyi na Pirelli. Injin bai fi na ƙaramar motar gida girma ba, sai dai motar ba ta da nauyi, shi ya sa take wuce kilomita 200 a sa'a a miƙaƙƙiyar hanya. Dokar Hukumar Tseren Motoci ta Duniya, FIA, ta ce ɗan shekara 15 zai iya tuƙa ta. Yaron da a Najeriya ko lasisin tuƙi bai isa karɓa ba ke nan.

Hikimar sanya kowa a mota iri ɗaya ita ce a ga hannun direba. A zahiri kuwa ƙungiya tana da nata tasirin, domin injiniyoyi ne ke daidaita tsayin motar, da karkatar fikafikai, da iskar taya, kuma bambancin da ke tsakanin na ɗaya da na goma a gwajin sauri sau da yawa bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Kakar da ta juye a tsakiya

Gasar Formula 4 ta Italiya ta 2023 ta gudana daga Afrilu zuwa Oktoba a filaye bakwai: Imola, Misano, Spa a Beljiyam, Monza, Paul Ricard a Faransa, Mugello, sai Vallelunga kusa da Rum. Fiye da mota 30 ke fita a lokaci guda, kowane tsere kusan rabin sa'a ne, kuma goma na farko kaɗai ke samun maki, 25 ga wanda ya zo na ɗaya, maki ɗaya ga na goma.

Ugo ya shigo kakar da zafinsa, domin a farkon shekarar ya je gasar Formula 4 ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya zo na uku. Amma a watannin farko wanda ya riƙe ragamar teburi abokin ƙungiyarsa ne, Arvid Lindblad, ɗan Birtaniya da kamfanin Red Bull ke raino. Lindblad ya yi ta lashe tsere har aka fara ganin kamar an gama magana, kofin na Prema ne, abin da ya rage kawai a ga wanne daga cikin yaranta zai ɗauka.

Sai lissafi ya canza bayan tsakiyar shekara. Kacper Sztuka, ɗan Poland da ke tuƙa wa ƙungiyar US Racing ta Jamus, wanda ya riga ya daɗe a wannan mataki ba tare da an damu da shi ba, ya fara jera nasarori. Motocin Prema suka rage kaifi, Lindblad ya yi ta zubar da maki. Da aka rufe kaka a Vallelunga, Sztuka ne zakara, Ugo na biyu, Lindblad da ya daɗe a sama ya sauko na uku.

A ganina a nan ne aka fi gane halin Ugo. Bai yi irin tashin da Lindblad ya yi ba, bai kuma yi irin faɗuwarsa ba, ya dai ci gaba da tara maki a makonnin da motar ba ta kai ta lashe tsere ba. A wata gasar ta daban mai zagaye uku da aka fara a shekarar, Euro 4, wadda aka yi a Mugello da Monza da Barcelona da kusan direbobin nan dai, shi ne ya ɗauki kofi.

Me ya sa ake ɗaukar gasar yara da muhimmanci haka? Jerin zakarunta ya isa amsa. Lance Stroll ne ya lashe ta farko a 2014, Oliver Bearman a 2021, Kimi Antonelli a 2022, kuma dukkansu sun kai Formula 1. Ban da haka akwai maganar lasisi. FIA ba ta ba direba babban lasisin Formula 1 sai ya tara maki 40 na musamman cikin shekara uku. Zakaran Formula 4 yana samun 12, na Formula 3 yana samun 30, ukun farko a Formula 2 kuma suna samun 40 cif. Duk matsayin da yaro ya gama a kai, yana bin sa har gaba.

Daga Turai zuwa Macau

Kakar 2024 ba ta yi wa Ugo daɗi ba. Ya hau mataki na gaba, Formula Regional ta Turai, har yanzu tare da Prema, amma ya gama a wajen goman farko, alhali abokin ƙungiyarsa Rafael Câmara na Brazil ne ya lashe gasar. A wannan sana'a abokin ƙungiya shi ne ma'auni, tunda motarku ɗaya.

Sai ga Macau a watan Nuwamba. Wannan tsere a kan titunan gari ake yin sa, zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita shida, katanga da shingen ƙarfe dama da hagu, kuskure kaɗan ya ishe ka ka tafi gida. Ayrton Senna ya lashe shi a 1983, Michael Schumacher a 1990. Ugo, a motar ƙungiyar R-ace GP ta Faransa, ya fi kowa sauri a gwaji, ya lashe tseren share fage, ya kuma lashe babban tseren ranar 17 ga Nuwamba, 2024. Shi ne Ba'amurke na farko da ya yi hakan tun 1981.

Ba'amurke, ba ɗan Najeriya ba. Haka littafin tarihi ya rubuta, duk da murnar da aka yi a shafukan sada zumunta na nan gida.

Kuɗi, da abin da babu

Ba na ganin laifin yaron ko iyayensa. Ko da ya so ya fara daga nan, ina zai fara? Najeriya ba ta da filin tsere da FIA ta amince a yi Formula 4 a kansa, ba ta da gasar kat ta ƙasa da ke kai yaro wani mataki. Wuraren kat da ake da su a manyan birane na shaƙatawa ne, a biya kuɗi a zaga na 'yan mintoci a sauka.

Ga kuma tsada. Kaka ɗaya ta Formula 4 a babbar ƙungiya tana cin ɗaruruwan dubban Yuro, Formula 2 kuma ana maganar miliyoyi. Direba ne ke biyan ƙungiya, ba ƙungiya ke biyan sa ba, kuma idan ya fasa mota lissafin gyara na iya dawowa kan iyalinsa. Mahaifin Hamilton sai da ya haɗa ayyuka fiye da ɗaya a lokaci guda kafin ya iya riƙe ɗansa a tseren kat, kuma wannan a Ingila ne, inda filayen suke a kusa.

To amma ba zan yarda a ce Kaduna ba ta san wasa mai tsada ba. Garin da ke da kulob ɗin folo a Dandalin Murtala, da Fifth Chukker a hanyar Jos, inda ake kiwon dawakan da kuɗin ɗaya ya fi na mota, ba za a ce ya rasa masu hali ba. Folo ya samu sarakuna da sojoji da attajirai da suka riƙe shi sama da shekara ɗari. Tseren mota bai samu kowa ba.

Sha'awar kuwa tana nan, sai dai a wurin da bai dace ba. Duk mazaunin garin nan ya taɓa ganin wasan mota ranar ɗaurin aure ko kammala makaranta: matasa su tare titi, a ja burkin hannu, mota ta juya, hayaƙin taya ya tashi, 'yan kallo na tsaye taku kaɗan daga wurin ba shinge ba komai. Na taɓa tsayawa kallon irin wannan a wata unguwa a kudancin gari, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yaran da ke gaba-gaba, waɗanda wasunsu ba su kai shekarun da Ugo ya fara kat ba. Direban yana da hannu, wannan ba musu. Amma ba hular kwano, ba wanda ke auna lokacinsa, ba wanda zai gaya masa inda ya yi kuskure, kuma ranar da taya ta fashe jama'a ne katangarsa.

A 'yan shekarun nan an yi ta maganar dawo da Formula 1 Afirka, wadda rabonta da nahiyar tun tseren Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993. Shugaba Paul Kagame ya bayyana neman Rwanda a Disamban 2024, Afirka ta Kudu na nema, a 2025 kuma aka ji cewa Najeriya ma na son a kawo shi Abuja. Ko da an samu, baƙi ne za su zo su yi kwana uku su tafi da motocinsu. Filin kat mai tsawon kilomita ɗaya da 'yan kai, da motoci ashirin iri ɗaya, da agogon auna lokaci, da gasar da ake yi duk wata, ba su kai ko kusa da wannan kuɗin ba. Masu gyara kuwa ba sai an nemo su daga nesa ba, garejin Kakuri da Sabon Tasha cike suke da makanikan da wasunsu a hannun tsofaffin ma'aikatan Fijo suka koyi aiki.

Ina yaran 2023 suke?

Sztuka, wanda ya lashe kofin, Red Bull ta ɗauke shi bayan nasarar, ta kuma sallame shi cikin 'yan watanni a 2024. Lindblad da ya zo na uku ya tsallake kai tsaye zuwa Formula 3, ya wuce Formula 2 a 2025, aka kuma ba shi kujerar Formula 1 a ƙungiyar Racing Bulls don kakar 2026.

Ugo ya shiga Formula 3 a 2025 tare da Prema, a shekarar da ƙungiyar ta sha wahala a wannan mataki, ya gama nesa da sahun gaba. A ƙarshen shekarar ya rabu da McLaren bayan fiye da shekara huɗu, ya koma ƙungiyar Campos ta Sifaniya domin sake gwada Formula 3 a karo na biyu, yana ɗan shekara 18.