Olana: Gidan da ke yi wa baƙo maraba da Larabci a Amurka

A kan wani tudu da ke fuskantar Kogin Hudson, a jihar New York ta Amurka, akwai gidan da aka rubuta "Marhaba" da haruffan Larabci a saman ƙofarsa, kalmar da ta zama "maraba" a bakin Bahaushe. Sunan gidan Olana. Mai shi, Frederic Church, shahararren mai zanen hotuna ne, kuma ba Musulmi ba ne.

A shekarar 1868 Church ya ziyarci Bairut da Ƙudus da Dimashƙa. Gidajen can sun shiga ransa, musamman yadda ɗakuna ke kewaye tsakar gida. Ya soma nasa ginin a 1870, tare da masanin gine-gine Calvert Vaux. Hunturun New York ba ya barin tsakar gida a buɗe, don haka ya rufe tasa, ta zama babban falo a tsakiya. Ya ƙawata ginin da bakan gizo mai tsini da tubali masu launi, ya kira salon na Farisa, alhali bai taɓa taka ƙasar ba.

Bayan rasuwar matar ɗansa a 1964, magajin gidan ya shirya gwanjon kayan ciki. Da an yi, da bango kawai zai rage, domin rabin darajar Olana tana cikin dardumai da tasoshin tagulla da zane-zanen da iyalin suka tara. Masanin tarihin zane David Huntington ya jagoranci gangamin tara kuɗi, har aka ceto gidan a 1966, ya koma hannun jihar. A 1967 aka buɗe shi ga masu ziyara.