Ƙwayoyin ƙarin gina jiki: shin suna hana "tsatsar jiki" da gaske?

A shagunan magani da tashoshin mota na Salaga da Yendi da Bawku, ana sayar da ƙwayoyin bitamin da garin zogale da kwalaben ƙarin jini, tare da alƙawarin cewa suna "wanke jiki" kuma suna hana tsufa. Da yawa na ɗauke da kalmar antioksidan. Me kalmar ke nufi, kuma wa ke amfana da su?

Mece ce tsatsar jiki?

Duk wanda ya san goro, hajar da ta kawo fataken Hausawa Salaga tun ƙarni biyu da suka wuce, ya san cewa idan aka fasa farin goro aka bar shi a iska, nan da nan zai sauya launi. Iskar oksijin ce ke yin wannan aiki, kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa.

Makamancin haka na faruwa a jikin mutum. Yayin da ƙwayoyin halitta ke ƙona abinci da oksijin domin samar da ƙarfi, sukan fitar da wasu sinadarai masu lahani da ake kira firi radikal. Idan suka yi yawa, sukan lalata fatar ƙwayoyin halitta da sinadarin gado na DNA. Hayaƙin itacen girki da taba sigari da maganin feshi na gona da zazzaɓin cizon sauro duk suna ƙara yawansu.

Jiki na da nasa kariya: sinadaran da yake haɗawa da kansa, da waɗanda yake samu daga abinci kamar bitamin C da E. Tsatsar jiki na nufin masu ɓarnar sun rinjayi masu kariyar. Ana danganta hakan da ciwon suga da ciwon zuciya da kansa. Sai dai jiki na buƙatar firi radikal daidai gwargwado, domin da su fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta.

Inda ƙarin ya ceci rayuka

Idan jiki na fama da ƙarancin wani sinadari, cike gibin na da amfani sosai. A yankin Navrongo, wanda ke jiha ɗaya da Bawku, an yi bincike kan yara sama da 20,000, aka wallafa sakamakon a 1993. Ya nuna cewa bai wa yara bitamin A ya rage mace-macensu da kusan kashi 19 cikin ɗari. A yau ana ɗiga wa yara masu wata 6 zuwa 59 bitamin A duk bayan wata shida a wajen awo. Haka kuma masu juna biyu na karɓar ƙwayar ƙarin jini a wajen awon ciki. Waɗannan ba abin wasa ba ne.

Inda ya jawo illa

Ga wanda ba shi da ƙaranci, labarin ya sha bamban. A Finland, binciken 1994 kan maza masu shan taba kimanin 29,000 ya gano cewa waɗanda aka bai wa ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka, sakamakon 2011 ya nuna cewa shan bitamin E mai yawa a kullum ya ƙara haɗarin kansar furostet ga maza da kashi 17 cikin ɗari.

Sinadarin ayon da ke cikin maganin ƙarin jini ma, idan ya wuce kima, shi da kansa ke haddasa tsatsar. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, binciken da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa yaran da aka bai wa ayon barkatai sun fi kwanciya a asibiti. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a haɗa bayar da shi da rigakafi da maganin zazzaɓin. Kowane allazi da nasa amanu.

Abin da ke cikin kasuwa tun asali

Baligi na buƙatar miligiram 75 zuwa 90 na bitamin C a rana, amma ana sayar da ƙwaya ɗaya mai miligiram 1,000. Ragowar na fita da fitsari, kuma yawan shanta na iya jawo tsakuwar ƙoda. Alhali garin 'ya'yan kuka da lemo da gwaba na cike da bitamin C. Manja da mangwaro da ganyen zogale na da beta-karotin, gyaɗa kuma na da bitamin E. A abinci, sinadaran na zuwa kaɗan-kaɗan yadda jiki zai iya sarrafawa.

Duk mai niyyar sayen ƙwayar ƙari, ya duba lambar rajistar hukumar FDA ta Ghana, ko NAFDAC idan daga Najeriya ta fito, da ranar lalacewarta. Mai jin kasala ya fara yin gwajin jini kafin ya sayi kwalba. Mai hawan jini ko ciwon suga kuma kada ya ajiye maganin likita saboda alƙawarin mai talla.