In wayar hita ta cije a tsohuwar J5

Direbobin da ke dakon kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya sun san asubahin hunturu: gilashin gaba ya yi gumi, hanya ba ta ganuwa, hannun hita kuma ya ƙi motsi. Ƙura da tsatsa ne ke riƙe wayar cikin bututunta. In aka matsa, hannun ne zai karye, ga shi tun 1994 Boxer ta gaji J5, samunsa sai an tona gwanjo.

Kanikawa kan cire wayar daga bawul ɗin ruwan zafi, su juya shi da hannu. In ya juya, laifin waya ne. Kada a karɓi wayar birkin babur, ja kawai ta iya, ba ta turi. A nemi sandararriya irin ta cok, a mai da hannu da bawul kan sanyi, sannan a ɗaure.