Allura Uku Don Kare Jariri Daga Nimoniya

Nimoniya, wato ciwon haƙarƙari, tana kashe ƙananan yara da yawa. Sau da yawa wata ƙwayar cuta ce ke kama huhun yaro. Ita ce kuma ke kawo wani irin sanƙarau.

Nijeriya ta fara allurar rigakafinta a 2014. Kyauta ake yi a asibitin gwamnati. Ana yi wa jariri sau uku a cinya: mako 6, wato bayan arba'in, sai mako 10, sai mako 14. Allura ɗaya ba ta isa. Ɗan zazzaɓi bayan allura yakan wuce.

Maigida ya ba da izini, uwa ta adana kati. In yaro yana tari da numfashi da sauri, a garzaya asibiti.