Kalmar "Look" da Yadda Turawa Kan Faɗi Kamannin Abu

Duk wanda ya fara koyon Ingilishi, tun a makonnin farko yakan gamu da kalmar "look", a kuma gaya masa cewa ma'anarta ita ce duba. Haka ɗin ne, amma wannan ɗaya ne kawai daga cikin ayyukanta. In Bature ya ce "The clerk looked at the letter", magatakarda ne ya ɗora ido a kan wasiƙa. In kuwa ya ce "The clerk looked tired", to, magatakarda bai dubi kome ba, shi aka duba, mai maganar kuwa yana ba da labarin abin da idonsa ya gane masa ne, watau alamar gajiya. Kalma ɗaya ce, sai dai ta tashi daga wurin mai kallo ta koma wurin abin kallo.

Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, a cikin babban littafin nahawun Ingilishi da suka fitar a 1985, sun sa "look" mai wannan aiki na biyu cikin rukunin aikatau masu haɗa abu da sifarsa, tare da "be" da "seem" da "appear" da "sound". Saboda haka abin da ke biyo bayanta sifa ce, ba bayanau ba. "She looked angry" na nufin an ga fushi a fuskarta. "She looked angrily at him" kuwa ita ce ta yi masa kallon fushi. Ɗalibai da yawa kan yi tuntuɓe a nan, domin an koya musu cewa bayanau ke bin aikatau. Har wa yau akwai tarko a "He looks well", gama "well" a wannan wuri sifa ce mai nufin lafiyayye, ana cewa ne an ga mutum garau.

In suna za a kawo, sai a saka "like" a tsakani: "He looks like a soldier", ya yi kama da soja. In jimla ce sukutum, sai a ce "as if" ko "as though": "It looks as if the rains will be late", da alama damina za ta makara. A hira ta yau da kullum, musamman a Amurka, ana sa "like" a wannan gurbi ma, amma mai rubuta takardar hukuma gara ya tsaya ga "as if". Abin da ba a yi shi ne haɗa "like" da sifa. Bahaushe yakan ce kamar ya gaji, sai wannan kamar ta ja shi ya rubuta "He looks like tired", alhali kuwa "look" ta riga ta ɗauki nauyin kamar a cikinta.

Duk wannan sharar fage ce. Muhimmin abu shi ne tazarar da ke tsakanin "is" da "looks". Akawun da ya rubuta "The signature is forged" ya yanke hukunci cewa sa hannun na jabu ne, in kuma aka bincika aka tarar ba haka ba ne, shi za a tuhuma, watakila ma wanda ya ɓata wa suna ya kai ƙara. Wanda ya rubuta "The signature looks forged" ya faɗi iyakar abin da ya gani, ya bar ƙofar bincike a buɗe. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. To, Bature yana da aikatau da ke riƙe masa wannan bambanci a kowace jimla, ba sai ya tsaya dogon bayani ba.

Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana kuma nuna ta inda labari ya shigo wa mai magana. "Look" ta ido ce, ba a cewa "He looks ill" game da wanda aka yi magana da shi ta wayar tarho, sai dai "He sounds ill". "Seem" ba ta zaɓen hanya: ko gani, ko ji, ko auna al'amura a zuci. Asalinsu ma dabam-dabam ne. "Look" tsohuwar kalmar Ingilishi ce tun fil azal. "Seem" an aro ta ne daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila, kuma da farko tana nufin dacewa, ma'anar da ta saura a cikin "seemly". "Appear" ta shigo ta hanyar Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kuma har yau ita ce mai manyan kaya, ta kotu da ofis.

A Majalisar Dattawan Amurka, in an yi ƙuri'ar murya, mai shugabantar zama yakan ce "The ayes appear to have it", ya ɗan dakata, sa'an nan ya ce "The ayes do have it". Jimla ta farko abin da kunnensa ya jiye masa ne, kuma a cikin wannan ɗan dakatawa duk sanatan da bai gamsu ba yana iya neman a ƙirga. Ta biyu kuwa hukunci ce. A dokokin Ingila, da na Nijeriya da suka gaji salonsu, ana yawan samun "if it appears to the court", watau in kotu ta ga alamar abu kaza. A nan kalmar ba ta rage ƙarfin magana ba, iko ta bayar: an yarda mai shari'a ya yi aiki da abin da ya bayyana gare shi, ko da ba a kai ga tabbatarwa ta ƙarshe ba.

Sai dai abin yakan wuce gona da iri. Akwai ma'aikacin da fayil ke gabansa, lissafi a fili, amma ya rubuta "It would appear that", don kada a ce shi ya ce. Sir Ernest Gowers, wanda Baitulmalin Ingila ya roƙa ya rubuta wa ma'aikatan gwamnati littafi, ya kuwa fitar da "Plain Words" a 1948, ya soki irin wannan kewaye-kewaye. Mai fassara zuwa Hausa shi ke shan wahalarsa, domin dole ya tantance ko da alama zai sa, ko a ganina, ko kuwa maganar tabbatacciya ce aka yi mata lulluɓi.